Genzo Ya Karɓi Rainon Bishiyoyin Tsoho Iwabuchi

Duk ƙauyen Kurumizawa babu wanda bai san bakin Hatakeyama Genzo ba, don tun kafin ka hango mutumin muryarsa ta riga ta iso. Shekara talatin ya yi a Tokyo yana gadin wani filin ajiye motoci. Da ya yi ritaya sai ya tattaro ya dawo garin matarsa Sumie, can cikin duwatsun Yamagata, da akwati biyu da tumbi guda da labarai buhu-buhu. Idan ana hirar kamun kifi, shi ya taɓa kamo wanda sai da ƙarti huɗu suka ɗaga. Idan ana hirar girki, shi ya koya wa masu dafa taliyar birni yadda ake zuba gishiri. Amma inda ya fi zuba shi ne kan bonsai, 'yan bishiyoyin nan da ake raino a kasko, waɗanda kowane dattijo a ƙauyen ke da nasa jere a kan katako a bayan gida.

"A Omiya na koya," in ji shi, yana shafa tumbi. "A hannun manyan gwanaye. Ku nan wasan yara kuke yi."

Ya je Omiya kam, garin da ya yi suna kan lambunan bonsai, ba a ƙi ba. Sau ɗaya, a motar 'yan yawon buɗe ido, kuma Sumie da suka je tare ta sha faɗa wa mata cewa a rumfar mai taliya ya ƙare yinin, ko ƙofar lambu ɗaya bai leƙa ba.

Gwanin gaske a ƙauyen shi ne Tsoho Iwabuchi, ɗan shekara tamanin da uku, wanda ba ya magana sai ta kama. Bishiyoyinsa bakwai ne, amma uwarsu ita ce wata matsu, irin bishiyar da ganyenta mai kama da allura ba ya zubewa ko da sanyi, tsayinta bai wuce gwiwa ba, jikinta a murɗe kamar an matse wanki. Kakansa ne ya ciro ta daga tsagin dutse shekara ɗari da talatin da suka wuce. Kowace shekara, a ƙarshen watan biyu, ita ake ɗorawa a tsakiyar zauren taron gari ranar baje kolin bishiyoyi, mutane su hauro daga ƙauyukan kwari su tsaya a gabanta suna kallo.

To, a ƙarshen watan sha ɗaya, ana dakon saukar ƙanƙarar farko, tsohon ya hau tsani zai gyara rufin rumfarsa, tsani ya goce, ya faɗo ya karye a ƙugu. 'Yarsa Harue ta zo daga Sendai ta tafi da shi. An saka shi a mota, an yi masa allurar barci, sai ta juyo ga maƙwabtan da suka taru a ƙofar gida, ta sunkuyar da kai.

"Ku taimaka, wa zai duba mana bishiyoyin Baba har ya dawo? Ni ban san kansu ba."

Tokuko, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda shinge ɗaya ya raba gidanta da na Iwabuchi, kuma ta shekara arba'in tana rainon nata bishiyoyin, ta buɗe baki za ta yi magana. Ba ta kai ga kalma ta biyu ba Genzo ya ratso taron da kafaɗa.

"Harue-san, kwantar da hankalinki. Kin yi sa'a, ɗalibin Omiya na kusa. Kawo makullin."

"Genzo-san," in ji Tokuko, "aikin ba shi da yawa, amma yana da ƙa'ida."

"Ni za a koya wa ƙa'ida? Iya, je ki ji da kabejinki."

Harue na sauri. Ta ga mutum mai tumbi da babbar murya, ta ɗauka ilimi ne ya cika shi, ta miƙa masa makulli. Da tsohon idonsa biyu, da ko da jan ciki sai ya fito daga motar nan.

Washegari da hantsi Genzo ya buɗe rumfar, abin da ya gani ya sa ya dafe kai. An binne kowane kasko har wuya a cikin wani dogon akwatin katako cike da buntun shinkafa, an rufe saman da kara. Ɗakin duhu-duhu, babu wuta babu risho, sanyi kamar cikin firji. Ɗaya daga cikin bishiyoyin, wata momiji mai jan ganye, ta zubar da ganyenta tas, sai rassa tsirara.

"Kai! Wannan ai zalunci ne!" ya kwatsa. "Tsoho na can asibiti cikin bargo, ya bar marayu a cikin shara!"

Tokuko ta leƙo ta kan shinge. "Tsohon ya riga ya gama aikin, Genzo-san. Buntun nan shi ke hana saiwa daskarewa, rumfar kuma ta tare iska. Naka kawai ka leƙo duk bayan kwana goma, in ƙasar ta bushe ka zuba ruwa kaɗan da hantsi. Barci suke yi. Ka ƙyale su."

"Barci? Suma dai! Ke in aka binne ki a buntu cikin wannan ɗari, barci za ki yi?"

"Ni ba bishiya ba ce."

"To mu a Omiya an koya mana bishiya mutum ce. Abin da jikinka ke so, shi jikinta ke so. Wannan dabarar buntu ta mutanen da ce, lokacin da babu lantarki. Bana za ku ga aikin zamani."

"Za mu gani kam," in ji Tokuko, ta janye kanta.

Sawu huɗu ya yi da baro. Sumie na zaune ta cusa ƙafafunta a ƙarƙashin kotatsu, teburin ɗumin nan mai bargo da kowa ke fakewa a cikinsa in sanyi ya sauka, tana ɓare lemo, sai ga mijinta ya banko ƙofa rungume da matsu, buntu na zuba a kan tabarma.

"Tashi, tashi! Baƙi sun zo."

"Waɗanne baƙi, Maigida? Wannan ba bishiyar Iwabuchi-san ba ce?"

"Ita ce. Janye ƙafarki, wurinta ne."

Ya ɗaga bargo ya tura kasko ciki, ya bar rassa a waje kamar mutumin da ya zauna shan shayi. Ya jera sauran shida a kewayen teburin, ya kunna rishon kananzir har biyu, ya toshe duk wata kafa da iska za ta bi. Ya ɗauko gyalen ulun da Sumie ta yi wata biyu tana saƙawa ya naɗa wa matsu a wuya. Momiji kuwa safarsa ya zura mata a rassa.

"Ni kuma a ina zan zauna?"

"Ga kicin can. Ke shekararki sittin da biyar, wannan shekararta ɗari da talatin. Ba ki da ladabi ne?"

Sumie ta dube shi, ta dubi bishiya mai gyale, ta kwashi lemonta. A bakin ƙofa ta waiwayo. "In ta nemi shayi ka kira ni."

Ita da gatse ta faɗa, shi kuwa shawara ya ji. Tun daga ranar, safe da yamma, sai ya ɗora buta ya zuba musu ruwan ɗumi, wai ruwan sanyi na sa mura.

Ƙanƙara ta sauka ta rufe gari har rabin taga. Kowa ya shige gida, bishiyoyin kowa na barci a rumfa. Na gidan Genzo ne kaɗai ke gumi. Ana tsakiyar watan ɗaya, wata safiya ya zare wa momiji safa, sai ga toho ya fito a kowane reshe. Ihun da ya yi sai da hankakin kan rufi suka watse.

Kafin rana ta yi tsaka ya bi gida-gida ya tattaro mutane. Ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya tsaya a gaban teburin ya harɗe hannu a baya.

"Ku duba da kyau. Ganye a tsakiyar ɗari! Wa ya taɓa yi a ƙauyen nan? Na kayar da lokacin sanyi warwas. Daga yau duk mai son magana da ni ya ce Sensei, wato babban malami."

Kumagai mai gidan wanka, wani siririn mutum mai son tsokana, ya toshe hanci. "Sensei, warin kananzir ɗin ma a Omiya aka koyo shi?"

Tokuko ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta dubi tohon, dogaye ne, farare sol, sirara kamar tsiron wake.

"Ka tashe ta cikin barci," ta ce. "Ta ɗauka bazara ce, tana ƙone ajiyar da ta yi bara don bana. Wannan ba lafiya ba ce, kukan neman agaji ne. Matsu kuma, taɓa ganyenta ka ji. Ya fara bushewa. Ka mayar da su rumfa a hankali, yau ɗaki marar risho, jibi soro, ko a tsira da wasu."

"Kun ji hassada ko? Nata na can a buntu kamar tsinken tsintsiya, ta ga nawa sun yi ganye, abin ya tsone mata ido."

"Ba naka ba ne, Genzo."

"Sensei!"

"Ba naka ba ne, Sensei," in ji Tokuko, ta miƙe ta karkaɗe gwiwa. "Abin da ya sa nake ɓata yawuna ke nan."

Bayan mako guda, matsu ta fara sauya launi. Koren ya dusashe, bakin alluran ya yi ruwan ƙasa, in ka shafa sai ka ji ƙaras-ƙaras. Genzo ya zagaya ta sau uku, ya kara kunne a jikinta, ya miƙe ya yanke hukunci: bushewar fata ce. Shi ma ai ƙafarsa kan yi faso a irin wannan lokaci, kuma maganin guda ne, gidan wanka.

Da la'asar, lokacin da dattawan gari ke jiƙa ƙashinsu a tafkin ruwan zafin da ke ɓulɓulowa daga gindin dutse, sai ƙofa ta buɗe. Cikin tururi aka ga Genzo tsirara, ɗan tawul a ka, matsu a hannun dama, momiji a hannun hagu.

Wani tsoho mai gyaran rufi ya goge ido. "Ni dai ban sha komai ba yau. Ku ma kuna ganin abin da nake gani?"

"Ku matsa," in ji Genzo. "Marasa lafiya ne."

"Sensei, ta ɓangaren maza ka shigo da su. Ka tabbata duk maza ne?"

"Ka cuɗa mata baya mana, tsohuwa ce!"

"A'a, ku bari ta fara gaishe mu tukuna!"

Genzo bai kula su ba. Ya ajiye kaskon biyu a bakin tafki, ya ɗebo ruwa mai warin dafaffen ƙwai da bokitin katako ya sheƙa musu. Ya sake ɗebowa. Ƙasar kasko ta narke ta gangara cikin tafki, ruwan da yake garai-garai ya koma kamar miya, busassun allurai suka bazu suna sukan mutane a inda ba a faɗa. Dattawa suka fara tsalle suna fita.

Kumagai ya shigo a guje da tsintsiya. "Genzo! Kakana ya gina gidan nan, ko kare bai taɓa shiga ba, kai ka shigo min da daji?"

"Jahilci ke damunka. A Omiya kowane lambu na da..."

"Fita! Fita kafin in dasa ka a kasko!"

Ya fita, ko gama goge jiki bai yi ba. Ya ɗora bishiyoyin a baro suna ɗigar ruwa, suna tururi, ya kama hanyar gida. Rana ta yi ƙasa, iskar dutse ta taso, irin wadda ke daskarar da majina a hanci. Bai yi taku ɗari ba ruwan jikinsu ya zama gilashi. Tohon momiji, abin alfaharinsa, ya yi baƙi ƙirin ya langaɓe. Yana tsaye yana kallo sai ya ji ƙas! Kaskon matsu, wanda shi ma tun na kakan Iwabuchi ne, ya tsage daga baki har gindi.

Ya ce bari ya yi sauri. A gangaren gaban gidan Tokuko kuwa hanya ta yi santsi. Baro ya ja shi, ya ja baro, ƙafafunsa suka yi sama, ya tafi suuu a kan gindi yana ihu, ya ƙare a cikin kwata, kai a cikin ƙanƙara, ƙafa na wutsil-wutsil. Baro ya zo ya kife a kansa.

Tokuko ta fito da shebur ɗin kwashe ƙanƙara. Ta wuce shi, ta ɗauki momiji ta duba, ta girgiza kai.

"Iya, ciro ni mana!" in ji murya daga ƙarƙashin baro.

"Barci kake yi, ko suma?"

Da gari ya waye ta zo gidansa da Kumagai da tsohon mai gyaran rufi. Ba su tsaya dogon zance ba, Sumie da kanta ta buɗe musu ƙofa, ita ta riƙa miƙo musu kasko ɗaya bayan ɗaya. Suka kwashe shida. Da aka zo kan matsu, Genzo ya faɗa kanta ya rungume.

"Sai dai ku haɗa da ni! Ni aka ba amana! Ni zan kai ta baje koli, ku ga abin da ba ku taɓa gani ba!"

Kumagai ya naɗe hannun riga, Tokuko ta riƙe shi. Ta riga ta kankari ɓawon wani ƙaramin reshe da farce, ta ga abin da ke ciki.

"Bar masa," ta ce a hankali. "Babu sauran abin da zai iya yi mata."

Genzo ya ɗauka nasara ce. Har ƙofa ya raka su yana cewa su gaida buntu.

Saura kwana goma baje koli, matsu ta koma ja kamar tsatsa. In an rufe ƙofa da ƙarfi sai allurai su zubo. Da mai hankali ne, da ya ɗauki waya ya kira Sendai ya nemi gafara. Genzo kuwa takalmin ƙanƙara ya ɗaure, ya hau tudun bayan gari da almakashin Sumie, ya aske wata matsu ta daji ya ciko jaka da koren ganye. Ya biya ta shagon kayan gini ya sayo gam da ragowar koren fentin da ake shafa wa shinge.

Kwana shida ya yi a kulle. Ya tsige matattun allurai, ya manna sababbi tsinke-tsinke, inda suka ƙi zama ya ƙara gam, inda suka fara bushewa ya bi da fenti. Kaskon ya haɗa shi da gam, ya lulluɓe tsagin da gansakuka. Yatsunsa suka manne da juna sau biyu, sau ɗaya kuma gira ta tafi.

Sumie ta leƙo da farantin shinkafa. Ta daɗe tana kallo.

"Maigida, gawa kake wa kwalliya."

"Ke me kika sani? Wannan dasawa ce ta zamani. In ganyen ya ji ɗumin uwa zai kama."

"Ka kira Harue-san ka faɗi gaskiya. Kunyar yau a waya ta fi ta jibi a gaban gari sauƙi."

"Ajiye abincin ki fita, kina sa mata iska."

Ranar baje koli zaure ya cika. An shimfiɗa shuɗin ƙyalle a kan dogayen tebura, kowa ya kawo tasa bishiyar daga rumfa, wasu tsirara amma idon toho a kumbure, wasu kore shar. Mutanen kwari sun hauro da motoci biyu. Genzo ya shigo ƙarshe, da rigar biki da gira ɗaya, yana ɗauke da abu lulluɓe da farin zane. An tanadi wurin matsu a tsakiya kamar kullum, amma ya ƙi. Ya ja tebur har gaban babban rishon zauren, wai ta saba da ɗumi.

Ya yaye zane. Daga nesa, gaskiya, kore ce. Ta ma fi kowace bishiya a zauren kore, har tana ƙyalli.

"Wa ke fentin shinge a nan?" in ji wata mata daga kwari, tana shinshina iska.

"Ƙamshin lafiya ne," in ji Genzo.

Sai kowa ya juya wajen ƙofa. Tsoho Iwabuchi ne ya shigo, ya rame, yana dogara sanda biyu, Harue na riƙe da gwiwar hannunsa. Mutane suka dare masa hanya suna sunkuyawa. Genzo ya ga dama ta samu, ya haye kan wani akwati ya gyara murya.

"Jama'a! Wata uku da suka wuce na tsinci wannan marainiya a cikin shara. An zage ni, an kore ni daga gidan wanka, an yi min fashin guda shida. Amma ilimi ba ya ɓuya. Yau ga ta nan, ta fi yadda aka bar ta. Duk mai son ya koyi sirrin..."

Yana cikin zuba, zafin risho na aikinsa a baya. Gam ya saki. Wani curin ganye ya sulale ya faɗo a kan shuɗin ƙyalle, tim. Wani ya biyo shi. Genzo bai gani ba, jama'a kuwa sun gani, idanu duk sun bar bakinsa sun koma bayansa.

"Sensei," in ji Kumagai, "marainiyarka na tuɓewa."

Ya waiga, ya diro daga akwati, ya cafke reshe da hannu biyu zai tare. Ganyen reshen gaba ɗaya ya biyo tafinsa. Ya yarfe, ya ƙi fita. Ya kai ɗaya hannun, shi ma ya kwaso. Gumi ya karyo masa, ya share fuska, fuska ta koma kore da allurai tsaye a goshi kamar bushiya. Wani ya buɗe ƙofa don a rage wari, iska ta shigo, sauran ganyen suka tashi suka watsu a kan kofunan shayin baƙi.

"Zubar ganyen kaka ce!" Genzo ya yi ƙara. "Sabon salo ne! A Omiya akwai matsu mai zubar da ganye a..."

Ya ɗaga kasko zai nuna musu, kasko ya rabe biyu a hannunsa. Ƙasa ta zube a kan takalminsa, saiwoyi suka fito baƙi, suna warin ruɓa.

Dariyar da ta ɓarke ba ta daɗe ba, don kowa ya ga tsohon ya matso. Iwabuchi ya miƙa wa 'yarsa sanda ɗaya. Ya karɓi bishiyar daga hannun Genzo, ya kankari gindinta da farcen babban yatsa. Babu kore, busasshen itace ne har ciki. Ya shafa murɗaɗɗen jikin nan tun daga ƙasa har sama, a hankali, yadda ake shafa kan wanda aka daɗe tare. Harue ta rufe fuska da hannu.

"Iwabuchi-san," in ji Tokuko, "huɗu daga cikin shidan za su tashi. Suna rumfata."

Tsohon ya sunkuya mata sosai, har sai da 'yarsa ta tare shi. Sannan ya juyo ga Genzo. Kowa ya zaci zagi, wasu ma sun zaci sanda. Sai ya jingina ɗayar sandar a jikin tebur, ya riƙe gawar bishiyar da hannu biyu, ya miƙa, yadda ake miƙa kyautar girmamawa.

"Hatakeyama-san, ka sha wahala a kanta. Na ba ka. Ka kafa ta a ƙofar gidanka, inda duk mai wucewa zai gani." Ya ɗan numfasa. "Duk ƙauyen nan ita kaɗai ce bishiyar da yanzu za a iya bar maka."

Kyautar dattijo, da hannu biyu, a gaban gari da baƙi, ba a mayar da ita. Genzo ya karɓa da korayen hannuwansa, ya sunkuya, allura biyu suka faɗo daga goshinsa. Ya nemi Sumie da ido ko za ta raka shi, ya hango ta can ƙarshen zaure tana zuba wa Tokuko shayi, ta ba shi baya. Shi kaɗai ya ratsa taron ya fita, ƙasa na zuba a bayansa.

Ya kafa ta a ƙofar gida, don ba shi da yadda zai yi. Mako biyu bai fito ba. A na uku aka gan shi yana share ƙanƙara a gindinta, Kumagai ya zo wucewa ya tsaya, ya cire hula da ladabi.

"Sannu, Sensei. Yaya mai jiki?"

Daga nan gaisuwar ta kama gari. Mai kawo wasiƙa, masu sayar da kifi, har matan kwari in sun hauro, kowa sai ya tsaya ya tambayi mai jiki. Da wani ne, da ya haɗa kayansa ya bar ƙauyen. Genzo kuwa, kafin furannin bazara su buɗe, bakinsa ya warke sarai. Har yau in baƙo ya tsaya yana kallon busasshen itacen nan a ƙofarsa, sai ka ga ya fito yana shafa tumbi.

"Ka ga wannan? Shekararta ɗari da talatin da uku. Sanyi uku ke nan tana hannuna, ba buntu ba rumfa, kuma ka tambayi kowa a garin nan, ko ganye ɗaya ba ta ƙara zubarwa ba."